Jerin kayan da mai shago ya rubuto min: ya isa gem ko in canza?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son haɗa kwamfutar tebur don buga gem, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba. Abin da zan fi bugawa shi ne EA Sports FC, GTA V da Valorant, a sikirin mai 1080p. Ga abin da wani mai shago ya rubuto min: furosesa Core i7-4770, RAM 8GB guda ɗaya, katin girafik RX 6500 XT, had-dis 1TB, sai kes mai fitilu wanda ya zo da fawa-fak ɗinsa (akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta), an rubuta 650W a jiki. Ya ce tunda i7 ce babu gem ɗin da zai gagare ta. In biya, ko akwai gyara?

MaiGyara_Zariya:
Wa alaikumus salam. Kada ka biya tukuna, ƙanena. Sunan i7 ɗin nan ake son sayar maka, alhali 4770 ta 2013 ce, kor huɗu gare ta, da DDR3 take aiki, kuma bod ɗinta, wato babban allon da ake jona duk kayan a kansa, ba ya karɓar wata furosesa ta zamani. Ba ta ma cikin jerin waɗanda Windows 11 yake goyon baya, don Intel daga ƙarni na takwas aka fara, shi kuwa Windows 10 an daina kula da shi tun 14 ga Oktoba 2025. Core i3-12100F, duk da sunanta i3, ta shige gabanta nesa ba kusa ba.

Babbar matsalar ma ita ce haɗa ta da RX 6500 XT. Katin nan 4GB kawai gare shi, kuma layi huɗu yake amfani da su wajen magana da bod. A kan PCIe 4.0 (PCIe shi ne ramin da ake sa kati a bod) ana iya lallaɓawa, amma bod ɗin 4770 iyakarsa 3.0, wato hanyar ta ragu da rabi. Da zarar gem ya cinye 4GB ɗin, sai ya koma ɗibar kaya daga RAM ta wannan ƙunƙuntar hanya, hoto ya riƙa tsinkewa.

Ga abin da zan ce ka nema: furosesa Ryzen 5 5600 mai kor shida, tana zuwa da fankarta a kwali, fankar kuma ta isa. Bod na B550, ko B450 idan kuɗi sun matse. RAM DDR4-3200, guda biyu masu 8GB kowanne, ba guda ɗaya mai 16GB ba. Kati RX 6600 mai 8GB. SSD na NVMe, 1TB in da hali, don FC kaɗai yana neman wajen 100GB. Had-dis ka bar shi don ajiyar finafinai. Wajen rabon kuɗi, kati ya ɗauki kaso mafi tsoka, kusan kashi 40 cikin ɗari. Fitilun kes ba sa ƙara FPS, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa, ko ɗaya.

Idan B450 ka ɗauka, ka tabbata an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta, in ba haka ba fanka za ta yi ta juyawa sikirin yana baƙi. A sa 5600 ɗin a gabanka a shagon, ka ga ta tashi.

Injiniya_Sakkwato:
Na yarda da Malam MaiGyara, sai dai ya wuce fawa-fak da sauri, kuma a jerin nan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Lambar 650W ta jikin kwali ba ita ake dubawa ba. Juya shi ka karanta takardar da ke gefensa, ka nemi layin +12V, ka ninka amfiyarsa da 12. Mai 45A yana ba da 540W na gaske. Irin waɗanda ke zuwa kyauta da kes sau da yawa za ka tarar da 18A ko 20A, wato 240W ko ƙasa da haka, sauran lambar an cike ta da layukan 5V da 3.3V waɗanda kati da furosesa ba sa sha daga cikinsu.

Lissafin haɗin da aka ba ka: RX 6600 tana jan 132W, 5600 ba ta wuce 76W, bod da RAM da SSD da fankoki ka ba su 50W. Kusan 260W ke nan. Fawa-fak mai 550W, 80 Plus Bronze, daga kamfanin da aka sani irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, ya wadatar har da sarari. Ka duba yana da wayar PCIe mai fil takwas tasa ta kansa. Kada ka yarda a yi maka dabarar jona adafta daga wayar SATA, nan ne waya ke narkewa. Ka kuma zaɓi wanda aka rubuta 100–240V, ya fi jure wutar da ke zuwa ƙasa-ƙasa da yamma.

Sai UPS. Ƙaramin nan mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai kai 400W ba, kai kuma da sikirin kana dab da 300W. Zai riƙe minti kaɗan batir na sabo, bayan watanni kuwa wuta na ɗaukewa shi ma zai bi ta. Nemi 1000VA zuwa 1200VA. Idan da inbata za ka yi aiki, a tabbatar mai tsaftatacciyar wuta ce (pure sine wave), don fawa-fak na zamani kan yi ƙara ko ya mutu a kan masu arahar nan. BIOS kuwa ba a sabunta shi a kan wutar NEPA zalla. Ta ɗauke a tsakiya, bod ya zama katako.

Ɗan_Kurna:
Allah ya saka da alheri. Sabuwar RX 6600 ta fi ƙarfina yanzu. In sayi kati na hannu, ko in ɗauki furosesa 5600G in jira har in samu kuɗin kati?

Baba_Kati:
Duka biyun hanya ce, amma ba daidai suke ba. 5600G tana da girafik a cikinta, za ta buga Valorant lafiya, GTA V a saiti na ƙasa, FC kuwa sai da haƙuri. Farashin jiran shi ne ma'ajiyarta ta ciki (cache) 16MB ce, ta 5600 kuwa 32MB, kuma iyakarta PCIe 3.0, don haka ko ka sa kati daga baya tana ɗan baya. Da ita RAM guda biyu wajibi ne, domin daga nan girafik ɗin ke ci.

Ni dai na fi karkata ga na hannu, muddin za a gwada. GTX 1660 Super mai 6GB tana jan 125W, ba ta da rigima. RX 580 mai 8GB ta fi arha, amma tana shan 185W, da yawansu kuma sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana. Akwai wadda ake kira 2048SP, wannan RX 570 ce aka canza wa riga, cikakkiyar 580 tana nuna 2304 maimakon 2048 a GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati. Haka duk GTX 1050 Ti da ka gani da shuɗin ramin VGA, ajiye ta, jabu ce.

Gwaji kafin biya: a buɗe GPU-Z a duba suna da girman ma'ajiya, a kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki, na minti 15 zuwa 20. Ɗigo-ɗigo masu launi, layuka, ko sikirin ya ɗauke ya dawo, duk alamar matsala ce. Zafin katin ya haura digiri 85 a shago mai fanka, to a ɗakinka cikin watan Afrilu abin sai ya fi haka. Mai kayan da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa.

MaiGyara_Zariya:
Ƙari kaɗan na ranar haɗawa. RAM a rami na biyu da na huɗu daga furosesa. Shiga BIOS ka kunna XMP, a bod ɗin Asus sunansa DOCP, in ba haka ba 3200 ɗin da ka biya zai tsaya a 2133 ko 2400. Valorant a Windows 11 ba zai buɗe ba sai an kunna saitunan tsaro na BIOS, fTPM da Secure Boot, shi kuma Secure Boot sai an kashe saitin CSM a BIOS ɗin. Wayar HDMI a jikin kati ake sa ta, ba a ramin bod ba, 5600 ba ta fitar da hoto da kanta.

Kes ka ɗauki mai raga a gaba, fanka biyu na shigar da iska, ɗaya na fitarwa ta baya, kuma ka ɗora shi a tebur, ba a kan kafet ba. Lokacin hunturu a cire ragar a kakkaɓe duk mako biyu. In za a hura cikinsa da bulowa, a danne fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa.