Muhawara: Angels & Demons ya tona gaskiyar rikicin addini da kimiyya, ko tatsuniya ce aka shafa wa tarihi?

Nura Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina littafin nan na Dan Brown, Angels & Demons, ya faɗi abin da mutane da yawa ke tsoron faɗa: addini da kimiyya ba sa ga maciji, kuma duk inda masu addini suka sami iko sai sun danne masu bincike. Ga wanda bai karanta ba, an kashe wani masani a CERN, cibiyar binciken nan da ke kusa da Geneva, aka sace wani abu mai suna antimata a cikin gwangwani, aka ɓoye shi a Vatican ranar da manyan limaman Katolika suka taru zaɓen sabon Fafaroma. Batirin gwangwanin awa 24 zai yi, yana ƙarewa birnin ya tashi. An kuma sace kadinal huɗu, duk awa a kashe ɗaya. Ana zargin ƙungiyar Illuminati ce ta dawo ɗaukar fansar masana irin su Galileo, shi kuma Robert Langdon, malami a jami'ar Harvard, yana bin sawu coci-coci a Roma. Marubucin da kansa ya rubuta a farkon littafin cewa wuraren nan da ƙungiyar nan duk gaskiya ne. To me ya rage?

Hajara Marubuciya: Wa alaikumus salam. Wallahi da na fara shi ban iya ajiyewa ba. Amma Nura, daɗin labari daban, hujja daban.

Malam Sabo: Nura ƙanena, abin da ya rage shi ne lissafin shekaru. Illuminati ta wanzu, wannan gaskiya ne. Wani malamin shari'a mai suna Adam Weishaupt ne ya kafa ta a garin Ingolstadt na yankin Bavaria, a Jamus ta yau, ranar 1 ga Mayu 1776. Ba ta cika shekara goma ba mai mulkin Bavaria, Karl Theodor, ya haramta ta da dokokin 1784 da 1785. Galileo kuwa ya rasu a 1642. Tsakanin rasuwarsa da kafa ƙungiyar shekara 134 ne. Bernini, mai sassaƙar da littafin ya ce shi ya shuka musu alamomi a Roma, ya rasu a 1680. Yaya mutum zai shiga ƙungiyar da ba a kafa ba sai bayan jikokinsa sun tsufa? Haka zancen da littafin ya yi cewa coci ta kashe Copernicus. Mutumin nan ma'aikacin coci ne a Frombork ta Polan, ya rasu a kan gadonsa a 1543 yana da shekara 70, kuma littafinsa na falaki Fafaroman zamanin ya sadaukar wa. Sai wani kisa da littafin ya ce an yi a 1668, wai coci ta ɗora wa masana huɗu tambarin wuta a ƙirji. Wannan marubucin ne ya ƙaga shi don labarinsa ya tafi.

Nura Fagge: Malam, na ji. Amma an gurfanar da Galileo ko ba a gurfanar ba? An ƙona Giordano Bruno ko ba a ƙona ba?

Ishaya Wusasa: Bari in amsa maka, Malam Nura, tunda cocinmu ake magana. An gurfanar da shi a 1633, aka tilasta masa janye maganarsa cewa duniya ce ke zagaya rana, aka tsare shi a gidansa kusa da Florence har ya mutu. Zalunci ne, ba na kare shi. Fafaroma John Paul na Biyu ya fito a 1992 ya amsa cewa waɗanda suka hukunta shi sun yi kuskure, kuma ni kaina ina ganin an makara ƙwarai. Bruno ma an ƙona shi a Roma a 1600, ko da yake yawancin tuhumar da aka yi masa ta aƙida ce, kan Allahntakar Almasihu da makamantansu. Hakan bai halatta ƙona mutum ba.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗauki shari'a biyu a ce su ne tarihin shekara dubu biyu. Wanda ya kawo ra'ayin cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, a 1927, ya kuma ce daga ɗigo guda komai ya faro, Georges Lemaître ne, fada ne, wato limamin Katolika, ɗan Beljiyam. Mendel da ya gano yadda gado ke bi ta jini daga shukar wake, a gidan ibada na Brno ya yi aikinsa. Kalandar da muke rubuta kwanan wata da ita, masanan falaki ne suka gyara ta a 1582 bisa umarnin Fafaroma. Har yau Vatican na da cibiyar kallon taurari, da na'urarta a Arizona ta Amurka. Ko tsarin cocin ma marubucin bai kiyaye ba: a cikin littafin, camerlengo, mai riƙon gida idan Fafaroma ya rasu, ƙaramin fada ne, alhali muƙamin na kadinal ne.

Malama Bilkisu: Ni fiziks nake koyarwa, don haka ɓangarena zan taɓa. Antimata gaskiya ce, ba almara ba. Paul Dirac ya hango ta a lissafi a 1928, Carl Anderson ya ga ƙwayarta ta farko a 1932. Idan ta haɗu da abu na yau da kullum, su biyun sai su rikiɗe su zama makamashi tsantsa. Kwatan giram da littafin ya ambata, in da za a same shi, fashewarsa za ta kusa kai ta bam ɗin Hiroshima. Nan marubucin bai yi ƙarin gishiri ba. Inda ya saki hanya shi ne samun kwatan giram ɗin. A 1995 CERN ta ƙera ƙwayoyin zarra na antihaidirojin guda tara kacal, suka ɓace nan take. Sai a 2010 aka iya riƙe guda 38, a 2011 kuma aka riƙe wasu na daƙiƙa 1,000, wato minti 16 da 'yan kai. Da irin wannan tafiya, tara giram ɗaya sai an yi ɗaruruwan miliyoyin shekaru ko fiye. Kuma ba za ta taɓa zama man fetur na gobe ba yadda littafin ya nuna, don wutar da ake ƙonawa wajen ƙera ta ta ninka wadda za ta bayar nesa ba kusa ba. Inda take amfani yau shi ne asibiti, a na'urar hoton PET da ake duba ciwon daji da ita.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya zo min da tabbaci, ba da tambaya ba. Wanda ya zo da tambaya ina da aikin yi da shi.

Hajara Marubuciya: To ku tsaya, ku malamai kun taru a kan littafi kamar takardar jarrabawa kuke makin. Wanda bai karanta ba ya tsallake wannan, zan faɗi ƙarshe.

Nura, kai ma ba ka yi wa littafin adalci ba. Wa aka fara kashewa? Leonardo Vetra, wanda fada ne kuma masanin kimiyya, burinsa ya nuna bincikensa na ƙarfafa imani. Su waye Illuminatin da suka kashe shi? Babu su! A ƙarshe an gano camerlengo ne da kansa ya tono sunan matacciyar ƙungiya, ya ɗauki hayar makashi, ya tsorata duniya don mutane su gudo coci. Shi ya sa wa Fafaroma guba da ya ji yana da ɗa, bai san shi ne ɗan ba, kuma ta hanyar dashen asibiti aka same shi. Ka ga mugun labarin shi ne mutumin da ya yi imani da irin maganar da ka buɗe muhawarar nan da ita, cewa dole ɗaya ya kashe ɗaya. Mutane sun rufe littafin suna cewa Illuminati na nan, alhali labarin da kansa ya ce tsoron Illuminati makami ne a hannun mai neman iko.

Ta fuskar rubutu kuwa, sai dai mu koya. Babi sama da 130, kowanne gajere, kowanne ya tsaya daidai inda numfashinka ya tsaya. Ƙasa, iska, wuta, ruwa, kowane kadinal da cocinsa da awarsa. Mu masu rubutun Hausa da muke ɓata shafi ashirin a kan lefe ya kamata mu dubi yadda ake sa agogo a cikin labari.

Malam Sabo: Hajara, maganarki a kan ƙarshen labarin ta yi nauyi, na karɓa. Amma saurin da kike yabo shi ne abin da nake tuhuma. Yana faɗa maka abu na gaskiya, kamar cewa a CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shafukan yanar gizo a 1989. Ka bincika ka ga haka ne, sai ka saki jiki. Shafi na gaba ya kawo maka Galileo ɗan Illuminati, kafin ka ce tsaya, an jefa wani kadinal a ruwa, ka bi da gudu. Babu inda mai karatu zai zauna ya tace. In da bai sa wancan bayani a farko ba cewa abubuwan gaskiya ne, da ban ce uffan ba, don mai ƙagaggen labari yana da 'yancinsa. Shi ya ɗora wa kansa alkawari.

Hajara Marubuciya: Malam, bayanin ya ce ƙungiyar ta wanzu, kuma kai ma ka ce ta wanzu.

Malam Sabo: Ta wanzu a Bavaria, shekara tara. Ya san mai karatu ba haka zai fahimta ba.

Mahamadu Damagaram: Salamu alaikum. Ni da Faransanci na karanta shi. Ina mamakin yadda duk kuka wuce makashin. Mutum ɗaya ne daga ƙasashen Musulmi a cikin littafin gaba ɗaya, ba shi da ko suna, ana kiransa Hassassin. An zana shi mai jin daɗin azabtarwa, mai wulaƙanta mata. An jingina shi ga mutanen Hasan Sabbah, waɗanda suka kama ganuwar Alamut a Iran a 1090, Mongol suka rushe su a 1256. Me ya haɗa su da zaɓen Fafaroma? Ba komai, ana dai buƙatar fuskar da mai karatu na Turai zai ji tsoro. Da aka mai da shi fim a 2009 an canza makashin ya zama Bature. Malam Ishaya yana jin zafin yadda aka yi wa cocinsa, to mu ma ba a bar mu ba, amma mu ne muke yaɗa littafin muna cewa ya tona asiri.

Ishaya Wusasa: Gaskiyarka, Malam Mahamadu. Wannan ma ya tsaya min a rai lokacin da nake karantawa.

Nura Fagge: To mu bar Roma. Ni ban janye ba. A 1577 aka gina wa masanin falaki Taƙiyyuddin cibiyar kallon taurari a Santambul, a 1580 aka rushe ta bayan Shaihul Islam, babban mai fatawar Daular Usmaniyya, ya yi suka a kanta. Ba Dan Brown ya rubuta wannan ba. A nan Kano, a 2003, an dakatar da rigakafin shan inna, kuma da bakin addini aka yi ta yaɗa cewa yana hana haihuwa. Yara nawa suka nakasa? Duk shekara muna rigima kan ganin wata da lissafi. Ku ce min ba rikici ba ne.

Anti Asabe: Nura, ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi yawon ɗiga allurar nan gida-gida. Abin da iyaye ke ambata mana a ƙofar gida ba aya ba ce, 1996 ce. Shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Uwa ta ce maka ga zazzaɓi na kashe mata yara ba magani kyauta, amma wannan ana bin ta da shi har ɗaka, me ya sa? Tambaya ce mai ma'ana. Dakatarwar kuskure ce babba, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, ban musa ba. Amma da aka dawo a 2004 da allurar da aka yi a Indonesiya, su waye suka buɗe mana ƙofofi? Sarakuna da limamai da masu unguwanni. Da su aka yi aikin har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020. In ka ce addini ne ya rufe ƙofar, sai ka faɗi wanda ya buɗe ta.

Malam Sabo: Maganar Santambul ta faru, Nura, kuma hannun malamin fada na ciki. Sai dai ka haɗa da sauran: tauraro mai wutsiya ya fito a 1577, Taƙiyyuddin ya yi wa Sarki Murad na Uku albishir da shi, sai annoba ta biyo baya, abokan hamayyarsa a fada suka sami ƙofa. Shi kansa Taƙiyyuddin alƙali ne. Ibn Shaɗir kuma, wanda ya rasu a 1375, aikinsa tsayar da lokutan salla a masallacin Umayyawa na Dimashƙ, amma tsarin tafiyar wata da ya zana ya yi daidai da wanda aka gani wurin Copernicus daga baya. Namu na gida, Muhammad al-Katsinawi, malamin addini ne masanin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. A wane ɓangare za ka sa su?

Nura Fagge: A ɓangaren waɗanda suka yi sa'a masu iko ba su waiwaye su ba. Malam, kana kawo min sunayen waɗanda aka ƙyale, ni ina kawo maka na waɗanda aka hana. Tambayata ita ce, ranar da bincike ya saɓa wa abin da mai fatawa ya fahimta, wa ke da ikon rufe bakin wani? A Roma ta 1633 da Santambul ta 1580 amsar ɗaya ce.

Malama Bilkisu: Wannan tambayar ta fi wadda ka fara da ita, Nura, don magana ce ta iko. A Tarayyar Sobiyat gwamnatin da ba ruwanta da addini ce ta haramta ilimin gado na Mendel a 1948 saboda Lysenko, masanin noman da gwamnati ke goyon baya, bayan masanin tsirrai Nikolai Vavilov ya riga ya mutu a kurkuku a 1943. Can babu Fafaroma, babu Shaihul Islam.

Hajara Marubuciya: Malama, tsakaninki da Allah, za ki ba ɗalibanki littafin ko ba za ki ba su ba?

Malama Bilkisu: 'Yan aji shida zan ba, ban da ƙanana, saboda wuraren makashin nan da Malam Mahamadu ya ambata. Kuma da aiki zan haɗa musu: kowa ya kawo min abu biyar da littafin ya ce gaskiya ne, ya binciko wanne ya tabbata, wanne bai tabbata ba, da inda ya samo amsarsa.