Ina miƙewa, mota ta sha gabana ta karya dama: wa ke da hannu?

Mai Baƙin Keke:

Assalamu alaikum. Wani abu ne ya same ni shekaranjiya da safe, har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, shi ne na ce bari in tambayi waɗanda suka fi ni sanin titi.

Shekara uku ke nan da keke nake zuwa aiki, tafiyar kamar minti 25. Akwai wata mararraba da nake wucewa kullum, ba danja, ba mai ba da hannu, wani ƙaramin titi ne kawai ya fita ta hannun dama. Ni miƙewa nake yi. Ina tafe a gefen dama daf da bakin kwalta yadda na saba, sai wata farar mota ta zo wuce ni. Ba ta ma gama wucewa ba, don tayarta ta baya tana daidai da tayata ta gaba, sai kawai ta karya dama. Na damƙe birki biyu, tayar baya ta ɗaga, na dafa bayan motar da hannun hagu, sai ga ni a ƙasa. Gwiwa ta kuje, kan keken ya karkace, amma Allah ya taƙaita.

Direban ya tsaya, wannan kam na yaba masa. Sai dai kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce, "Malam, ba ka ga sigina ba ne?" Na ce ina zan ga sigina bayan daga bayana ka fito? Ya ce shi dai ya sa, kuma ko'ina keke ne ke jiran mota. Mutum biyu suka tsaya kallo, ɗaya ya bi bayansa, ɗaya ya bi bayana. Da na ga maganar ba za ta ƙare ba, ga shi na makara, sai na karkaɗe wandona, na matse tayar gaba tsakanin cinyoyina na miƙar da kan keken, na kama gabana.

To a doka wa ke da hannu, wato wa ke da ikon fara wucewa? Sa sigina ya isa mutum ya shiga? Kuma in akwai nawa laifin, ku faɗa min, ba zan ji haushi ba.

Mai Koyar da Tuƙi:

Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara kiyayewa.

Kai ke da hannu. Sigina sanarwa ce, mutum na cewa ga abin da nake niyyar yi, ba ta ba shi izinin yi. Wanda zai bar layinsa shi ne da jira, wanda ke miƙewa ya wuce tukuna. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar titi, wadda ƙasashe da dama suka gina dokokinsu a kanta, ta faɗi wannan a sashe na 14: kafin direba ya fara shan kwana, sai ya tabbatar ba zai jefa wanda ke gabansa ko bayansa cikin haɗari ba, ya kuma yi la'akari da inda suke da gudun da suke yi. Ita yarjejeniyar ta lissafa keke cikin ababen hawa. Maganar "keke ne ke jiran mota" a bakin mutane take, ba a takarda ba. A Birtaniya ma, da suka sabunta ƙa'idojin hanya a Janairun 2022, sai da suka rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada mai mota ya yanko gaban mai keken da ke miƙewa lokacin shiga ko fita daga mararraba.

Mutumin naka kuskure biyu ya haɗa. Na farko, wuce wani daf da mararrabar da zai shiga. Na biyu shi ne wanda nake fama da ɗalibaina a kai: suna ɗauka da zarar sun wuce keke, shi ke nan ya zama tarihi. Lissafa ka gani. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, keke mai gudun kilomita 20 yana cin mita 5 da rabi. A miƙe ta fi ka nesa ba kusa ba. Amma don ta sha kwana dole ta taka birki ta dawo daidai gudunka ko ƙasa da haka, nan take ka cim mata. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya sassauta ya bi bayanka, ka wuce bakin titin, sannan ya shiga. Da daƙiƙa uku ko huɗu kawai zai rasa.

Tsohon Direban Tirela:

Ɗana, abin da malamar tuƙi ta faɗa gaskiya ne, ban ja ba. Amma ni ta wani gefen zan yi maka magana, don na yi shekara fiye da 20 a saman babbar mota, kuma ka gode wa Allah ƙaramar mota ce ta same ka.

Idan ina zaune a kan tirela, akwai wuraren da ko na so ba na iya gani: daf da hancin motar, da kuma gefen da ba na zaune, tun daga ƙasan ƙofa har zuwa baya. Mutum da kekensa zai iya tsayawa nan cif, in duba madubi in ga titi fayau. Na taɓa tashi daga danja, sai yaron motata ya buga gaban mota da ƙarfi yana ihu, ashe wani mai keke ne ya lallaɓo ya tsaya a ƙasan ƙofar dama. Wallahi ban san da shi ba. Ranar ko abinci kasa ci na yi.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi yaudarar masu keke. Doguwar mota in za ta shiga dama, sai ta fara buɗewa hagu don ta samu fili. Mai keke sai ya ga hanya ta buɗe tsakaninta da bakin titi, ya ce madalla, ya zura kai. Alhali tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ta ciki suke yankowa. Wannan filin da ka gani, cikin ƙiftawar ido zai rufe, ga bango ko ƙarfen gefen titi, ba wurin gudu. Ba a haɗa ƙwai da dutse. In ka tarar da babbar mota a bakin mararraba, da sigina ko ba sigina, tsaya a bayanta inda kake hango madubinta. In ba ka ganin fuskar direba a madubi, shi ma ba ya ganinka.

Direban Gida:

Ku yi haƙuri, amma a faɗi na masu keken ma. Nawa ne ke bin hannun da ba nasu ba, ba fitila da dare, danja ta ba da ja su ratsa? Ni in zan fita daga ƙaramin titi, inda motoci ke zuwa nake kallo, sai ka ga keke ya ɓullo ta ɗaya gefen kamar an jeho shi. Ba da kai nake ba Malam, naka daban ne.

Hajiya Mai Feda:

Direban Gida, bin baibai kam ba mai kare shi, kuma dalilin da ka bayar shi ne ainihin haɗarinsa: ba wanda ke duba can.

Mai Baƙin Keke, ka ce a faɗa maka naka. Ba laifi ba ne, amma kalmar "daf da bakin kwalta" ce ta tsaya min. Ni ma haka na yi ta yi, ina ganin ladabi ne. Ashe in ka manne a gefe, kamar ka ce wa na bayanka bismilla ne, ga hanya. Kuma idon direba tsakiyar layi yake sharewa, inda yake tsammanin mota, gefe kuwa ginshiƙin gilashin gaba kaɗai ya isa ya ɓoye mutum da kekensa. Yanzu in na kusa mararraba da kamar mita 30, sai in waiwaya, in da sarari in miƙa hannu in matso cikin layi, in wuce, in koma gefe. Yatsuna biyu kuma suna kan birki tun kafin in iso. Sigina ba na yarda da ita sosai, tayar gaba ta mota nake kallo, don ita ba ta mantuwa.

Wani abu kuma, tunda ka ce tayar baya ta ɗaga: in za ka ja birki da ƙarfi, tura jikinka baya kan sirdi, ka miƙe hannuwa. Ka gwada a fili sau goma kafin ranar buƙata.

Amma ni abin da ke ci min rai, kullum mai keke ake ce wa ya yi wayo. A Jamus tun Afrilun 2020, motar da ta haura tan 3 da rabi in za ta karya dama a cikin gari, da tafiyar mai ƙafa za ta yi. A Landan manyan motocin da suka haura tan 12 sai da izini suke shiga, ana auna yadda direba ke iya gani kai tsaye ta gilashi. A Holan kuwa, bayan mutum fiye da 3,000 sun mutu a titi a 1971, cikinsu yara sama da 400, iyaye suka fito zanga-zanga, a hankali aka sauya ginin mararrabar kanta: aka matse kwana don dole mota ta rage gudu, aka ɗan janye hanyar keke gefe yadda direba zai tarar da mai keke a gabansa, ba a kafaɗarsa ba.

Mai Baƙin Keke:

Na gode ƙwarai. Baba, maganar tirelar nan ta shige ni, don na sha zura kai a irin wannan filin ban san abin da nake yi ba.

Hajiya, yau da safe na gwada naki. Na waiwaya, na matso cikin layi kafin mararrabar. Wani ya danna min hon har sau uku, ƙafafuna na rawa a kan feda, amma ya bi bayana har na wuce, sannan na ga ya karya dama, cikin titin nan dai na shekaranjiya. Matsalata yanzu waiwayen ne: duk sanda na juya kai hagu sai keken ya bi ni hagu. Madubin da ake ɗaurawa a kan keke yana maganin wannan, ko dai in koma fili in yi ta koyo?