Musayar Waƙa: Wa Ake Yi Wa Kuka a "Amor Eterno"?

Autar Gida: Salamu alaikum. Yau na kawo "Amor Eterno", waƙar da Juan Gabriel na Meziko ya tsara, Rocío Dúrcal ta rera a 1984. Mai amsa ya amsa da baiti.

Yayyena, ku ji muryar 'yar Sifaniya,
Ta dubi madubi, ta ga tsufa ya kori ƙuruciya,
Ta fi son barci a kan wayewar safiya,
Don in ta farka, rashin nan ke cin zuciya,
Ni dai na ce miji ne ya tafi, ciwon soyayya.

Ɗan Tasha:
Auta, kin ji da kunne amma kin saki hanya,
Juan Gabriel ya tsara ta ne don mahaifiya,
Victoria sunanta, a 1974 ya zama maraya,
Rocío aron baki ta yi, shi ne mai jinya,
Har Akapulko, garin hutu da dariya,
A baitinsa can tunani mafi ɗaci ya tsaya.

Malam Na Zaure:
Yara, baiti ɗaya ya hana ni yabawa,
Inda yake burin idonta kada ya taɓa rufewa,
Wa ya isa ya ja da ajali in ya zo ɗaukewa?
Hawaye ba laifi, amma haƙuri ya fi dacewa.

Gwaggo Mai Koko:
Allah gafarta Malam, bar maraya da kukansa,
Ka san inda Alberto ya yi yarintarsa?
Wannan ne sunan yanka, kafin duniya ta san muryarsa,
A birnin Ciudad Juárez na Meziko, gidan renon yara ne makwancinsa,
Uwar na aikatau a gidan mutane, ba ta kusa,
Auta cikin goma, talauci ya raba shi da uwarsa,
Sai ga suna, kuɗi sun fara shiga hannunsa,
Shekara uku da faifan farko, mutuwa ta katse hanzarinsa,
Ya ce ba shi da nauyi a rai, sai ya gyara maganarsa,
Wai ya san da ya ƙara mata, nan mikin yake a waƙarsa,
Ba da ajali yake faɗa ba, da kansa yake rigimarsa.

Autar Gida:
Gwaggo na rusuna, amma ban janye duka ba,
Daga farko har ƙarshe, bai ambaci uwa ba,
Shi ya sa bazawara ta ji, ba ta ga an ware ta ba,
'Yan mariyaci, makaɗan gargajiyar Meziko, na kaɗa ta a maƙabarta, ba su gaji ba,
A birnin El Paso na Amurka, 2019, bayan harbin da ba a manta ba,
Da ita aka yi makoki, ba a tambayi wa ya rasa wa ba.

Ɗan Tasha:
Auta, wannan kin ci, na ba ki tukwici,
Amma in kin sake cewa miji, zan yi miki gatse mai ɗaci.

Malam Na Zaure:
Hajiya, kin yi bayani, na sassauta hukuncina,
Inda ya ce zai tarar da ita, nan ya shiga layina,
A 2016 ya bi ta, can Kalifoniya, na ji da kunnena,
Sai dai ku shaida tun yanzu, ga wasiyyata, jikokina,
Goge da kakaki kada su biyo makarata zuwa kabarina.