Neman kalma: wane suna za mu raɗa wa labarin ɗakin da babu shi?

Assalamu alaikum masu fassara, 'yan jarida da malaman Hausa. Akwai kalmar da ke ba mu wahala duk sanda labarin Amurka ya taso, wato abin da Turawa ke kira conspiracy theory, labarin da ke cewa wasu masu ƙarfi sun haɗa baki a ɓoye suna ƙulla mugun abu. Kowa da yadda yake juya ta. Wannan ya ce jita-jita, wancan ya ce zargi, na'urar fassara kuma ta ce "ka'idar makirci". Wannan ta ƙarshe mu fara ajiye ta gefe. Ka'ida a wurin Bahaushe doka ce da tsarin da ake bi, don haka mai sauraro a Gumel ko Maraɗi zai ɗauka dokokin ƙulla makirci ake nufi. Ina da shawara, amma sai mun fara duba abin da kansa, don a san irin rigar da za ta dace da shi.

A watan Oktoban 2016, ana dab da zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, shafin WikiLeaks mai fallasa bayanan sirri ya fara sakin wasiƙun imel na John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton. A cikin wasiƙun akwai hirar abinci da ta liyafa, har da sunan James Alefantis, mai wani gidan cin fiza a birnin Washington da ake kira Comet Ping Pong. Sai wasu a intanet suka zauna suna yi wa kalmomin abinci tawili, suka ce zaurance ne, kowane suna na nufin yaro ko yarinya. Daga nan aka gina labari cewa manyan 'yan siyasa suna tsare da yara a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan, har aka ƙara da cewa akwai ramuka da suka haɗe shi da shagunan makwabta. Aka sa wa abin suna Pizzagate. Ma'aikatan gidan da masu shagunan layin suka fara shan barazanar kisa ta waya da ta saƙo, ba dare ba rana.

Ranar 4 ga Disamba 2016, wani magidanci ɗan shekara 28 mai suna Edgar Maddison Welch ya tuƙo mota fiye da kilomita 500 daga jihar North Carolina, ya shiga gidan da bindiga ƙirar AR-15 da rana tsaka, mutane na cin abinci da 'ya'yansu. Ya ce ya zo ceton yara ne. Ya duba ko'ina, ya tarar da wata ƙofa a kulle, ya harbi makullin. Abin da ke bayanta 'yar ma'ajiya ce ta kayan kwamfuta. Babu yara, babu rami, kuma ginin ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko kaɗan. Allah ya kiyaye bai raunata kowa ba. Ya ajiye bindiga ya miƙa wuya, a watan Yunin 2017 kotu ta ɗaure shi shekara 4.

To ga wurin da nake so mu tsaya. Mutumin da ya fi kowa yarda da labarin ya je da ƙafarsa, ya gani da idonsa, bai sami komai ba. Labarin ya mutu? Bai mutu ba. Masu yaɗa shi suka ce shi ma Welch ɗin ɗan wasa ne aka yi hayarsa don a kashe maganar. Wasu suka ce an riga an toshe ramin. A watan Janairun 2019 wani mutum dabam ya sake shiga gidan ya cinna wuta. Rashin ɗakin da ya kamata ya rufe zancen, shi aka mayar hujjar cewa masu makircin sun iya ɓoye sawu. Duk kalmar da za mu zaɓa, dole ta ɗauki wannan hali: labari ne da hujja ba ta kashe shi, sai ma ta ƙara masa ƙiba.

Shi ya sa jita-jita da raɗe-raɗi ba su isa ba. Jita-jita takan mutu. A ce wane ya rasu, gobe a gan shi a masallaci, magana ta ƙare. Shaci-faɗi kuwa ba shi da abokin gaba, alhali wannan labari ba ya tsayuwa sai da wasu "su" a bayan labule masu ƙarfi da mugun nufi. Ƙanzon kurege yana da daɗi a baki, amma kalmar raha ce, kuma abin da ya sa mutum ya shiga cikin yara da bindiga ba abin raha ba ne. Ƙazafi ya fi su kusa, don ya nuna zaluncin da aka yi wa mai gidan da ma'aikatansa. Sai dai mai ƙazafi sau da yawa ya san ƙarya yake yi. Welch bai sani ba. Da zuciya ɗaya ya taso, yana ganin aikin lada zai yi.

Shawarata ita ce camfin makirci.

Mu duba yadda camfi yake aiki a wurinmu. A ce kangon nan na bayan gari ba a shigarsa, ko tsamiyar can ba a wucewa ta ƙarƙashinta da tsakar rana. Ka shiga ka fito lafiya, ba za a ce camfin ƙarya ne ba, za a ce sa'a ka taka, ko kuma a ce jira dai, abin yana tafe. Wanda ya yarda da shi ba maƙaryaci ba ne, tsoronsa na gaske ne. Yana yaɗuwa baki da baki ba tare da an san wanda ya fara ba. Kuma yana sa a aikata: a ƙaurace wa gida, a yanke hulɗa da mutum, wani lokaci a far wa tsohuwa da sunan maita. Duk waɗannan siffofi suna cikin abin da ya faru a Washington. Kalmar makirci kuma ita ke nuna cewa a nan mutane ake zargi da haɗa baki a ɓoye.

Akwai ƙarin riba: kalmar ta zo da aikatau nata. Muna cewa "an camfa wurin". Don haka mai fassara zai iya cewa "masu amfani da intanet sun camfa wani gidan abinci a Washington", kowa ya gane ba sai an yi dogon bayani ba. Jam'i kuma ga shi a shirye, camfe-camfen makirci. Mutumin, mai camfin makirci.

Na ga gyaran da wani malaminmu na Larabci ya kawo, cewa mu ari nazariyyar mu'amara yadda Larabawa ke faɗa. Allah ya gafarta Malam, aro daga Larabci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma mu'amara ba ta shigo bakin jama'a ba, kuma kunnen mai sauraron rediyo zai ji ta kamar mu'amala. Kalmar da sai an fassara ta bayan an faɗe ta ba ta gama aikinta ba.

Gyaran da ya fi tsaya mini a rai na wata 'yar'uwa ne. Ta ce in muka kira komai camfi, mun wanke azzalumai ke nan, don ai ana ƙulla makirci na gaske, kuma masu ƙarfi suna ɓoye abu. Hajiya, gaskiyarki, kuma mu Hausawa ba mu ne za a koya wa wannan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Iyayen da suka yi ƙorafi ba camfi suka yi ba. Suna da yara, suna da ranaku, suna da takardu, kuma maganarsu ta iya tsayawa gaban alƙali. Don haka nake ganin kalmomi biyu muke buƙata. Zargin makirci shi ne wanda yake jiran bincike, zai iya tabbata, zai iya rushewa. Camfin makirci shi ne wanda aka bincika, aka buɗe ƙofa, aka ga wayam, ya ci gaba da tafiya abinsa.

Ga misalin da zai gwada mana iyakar biyun. A watan Janairun 2024 duniya ta ji labarin wani rami na gaske a hedikwatar ƙungiyar Yahudawa ta Chabad da ke lamba 770 a titin Eastern Parkway, unguwar Brooklyn ta birnin New York. Tsawonsa ya kai kusan mita 18. Wasu matasan ƙungiyar ne suka haƙa shi ba da izini ba, suna son faɗaɗa wurin ibadarsu, shugabannin wurin kuma ba su yarda ba. Da aka kawo motar siminti don a cike shi, rikici ya tashi, 'yan sanda suka kama wasu. Ramin gaskiya ne, an ɗauki hotonsa, hukumar gine-gine ta auna shi. Amma kafin gari ya waye an cika intanet da cewa wurin safarar yara ne da zubar da jini, wato tsohon sharrin da aka yi ta jifan Yahudawan Turai da shi tun ɗaruruwan shekaru. Babu yaro ko ɗaya da aka samu. A nan mai rahoto zai ce an gano rami, wannan labari ne. Abin da aka ɗora masa kuma camfin makirci ne. Samuwar rami ba ta mayar da camfin gaskiya.

Irin wannan ya taɓa faruwa tun kafin intanet. A makarantar renon yara ta McMartin a jihar Kalifoniya an fara zarge-zarge a 1983, har da batun ramuka a ƙarƙashin ginin, aka shafe shekara 7 ana bincike da shari'a, aka tashi a 1990 ba a sami kowa da laifi ba.

Abin da nake roƙon abokan aiki shi ne kada mu yi gaggawar liƙa wa magana camfi tun ranar farko, musamman in talaka ne ke kuka da mai ƙarfi. A fara da zargi, a bi diddigi, in hujja ta fito masu shi suka ƙi ta suka ƙirƙiro wani sabon dalili, sannan a sauya suna. 'Yan'uwanmu na Damagaram, Yamai da zangon Kumasi, ku faɗa mana ko "an camfa wurin" yana da wannan ma'ana a bakinku yadda yake a Kano da Zariya, don in kalmar ba ta tsallaka iyaka ba sai mu sake zama.