"Hali zanen dutse": yabo ne ga Baba Kwanturola ko kuwa?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum. Jiya aka yi addu'ar uku ta kawuna a nan Jos. Shekara 35 ya yi yana aikin gidan yari, ya ajiye aiki yana kwanturola. A wurin zaman makoki wani dattijo ya ce, "Allahu akbar, hali zanen dutse. Yadda muka san shi yana yaro haka ya koma ga Mahaliccinsa." Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa maganar ta kwana tana ci mini rai, don na sha jin Kawu yana cewa da yana da iko, da ya cire wannan karin magana daga bakin Hausawa. Dattijon nan yabonsa ya yi, ko ya jiƙa masa abin da ba ya so ya sha?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ƙarashen karin maganar shi ne "ba mai iya shafewa". An fi jin ta wurin zargi, kamar idan ɓarawo ya tuba da safe ya koma da yamma. Amma a bakin dattijo, a wurin ta'aziyya, shaida ce: muƙami bai canza shi ba. Ka kwantar da hankalinka.

Tsohon Gandiroba: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai yanzu nake ji. Na yi shekara shida a ƙarƙashinsa. Hajiya Malama, fassararki daidai ce, amma yaron nan ma bai yi kuskure ba. Oga ba ya yarda a faɗi wannan magana a gabansa game da fursuna. Ya kan ce in dai hali ba ya gyaruwa, to albashinmu na gadi ne kawai. Kullum kafin a raba gabza, abincin fursunoni, sai an ɗebo masa a kwano ya ɗanɗana a tsaye, in miyar ta zama ruwa a kira mai kwangila. Lokacin hunturu, kun dai san sanyin Jos, da fitila yake bin ɗakuna yana duba wanda ba shi da bargo. Da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar 2019, aka daina cewa hukumar gidajen yari aka koma gidajen gyaran hali, ya riga ya yi ritaya. Na je gaishe shi, ya ce mini, "Sunan ya yi kyau, saura aikin."

Mai Shago a Terminus: Allah ya gafarta masa. Amma ku yi mini haƙuri, ni ina tare da magabata. Mai hali ba ya fasa halinsa. Muna garin nan ranar 28 ga Nuwamba 2021 aka far wa gidan yarin Jos, mutum sama da 200 suka tsere. A Yulin 2022 aka yi na Kuje. In da sun gyaru ai da sun zauna.

Tsohon Gandiroba: Alhaji, ka san su waye a ciki? Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, alƙali bai ce sun yi laifi ba. Yaron da aka kama kan wayar hannu sai ya kwana kafaɗa da kafaɗa da ɗan fashi, shekara biyu, uku, saboda cunkoso. Wanda ya fito ya lalace, ba dutse aka zana ba, ɗanyen yumɓu aka taka. Shi ya sa Oga yake zama da fayil-fayil har bayan isha'i, yana ware sunayen waɗanda suka daɗe, don in babban alƙalin jiha ya zo ziyara a gabatar masa da su.

Kafinta a Katako: Ban saba rubutu a nan ba, amma yau dole. Ni na zauna a ƙarƙashinsa, ba da kaki ba. Shekara huɗu aka yanke mini, kuma na aikata. Ranar da ya tura ni ɗakin kafintoci na ce ban iya komai ba. Ya ɗauki zarto ya damƙa mini ya ce, "Ɗana, hannun da ya iya ɓalle kwaɗo zai iya kafa ƙofa." Ranar da zan fita ya ba ni guduma da awo, da kuɗinsa ya saya. Yau shekara 14, ina da yara uku masu koyon aiki. Alhaji, ban ce kowa yana gyaruwa ba. Wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi ya koma sau biyu.

Malamar Hausa: Allah ya ƙara rufa asiri, Malam. Da na so in kawo "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi", sai na ga kai da girmanka ka shiga.

Kafinta a Katako: Ina da shekara 31 na shiga, Hajiya. Busasshen katako ba ya tanƙwaruwa, gaskiya ne, amma da shi muke aiki. Ɗanye ne ma yake murɗewa bayan an gama.

Mai Shago a Terminus: Na ji naka, Malam, kuma na girmama. Ban dai sauka daga kan tawa gaba ɗaya ba.

Ɗan Gangare: Na karanta wa Inna, matar Kawu, abin da kuka rubuta. Ta yi kuka. Malam Kafinta, ta ce don Allah ka zo addu'ar bakwai ranar Lahadi bayan la'asar, tana so ta gan ka. Zan tura maka kwatancen gidan.

Kafinta a Katako: In sha Allahu da ni da yarana. Ka tambaye ta ko akwai ƙofa ko kujerar da ke bukatar gyara, in taho da kayan aiki.