Before, ago, former, previous... wai duk ɗaya ne?

ɗan_garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Turanci ku agaza min, bak, wato jarrabawar gama sakandare, ta ƙarato kuma kalmomin nan masu nufin abin da ya gabata suna ɗaure min kai, before, ago, earlier, previous, former, ga wata wai prior, in ka buɗe ƙamus na Faransanci kusan duk avant ko précédent zai ba ka. To in zan ce na zo Garwa shekara biyu da suka wuce wacce zan sa?

malama_marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ago za ka sa, I came to Garoua two years ago. Ita ago daga yau ake ƙirgawa baya, kuma kullum bayan adadin take zuwa, ita ce il y a deux ans ɗin da ka sani. Before kuwa kafin ce, tana so ka faɗi kafin me, before Sallah, before the exam. Wallahi abin na damuna, in na ɗauko takardun yarana a lise, wato sakandare, sai in ga yaro ya haddace darasi tsaf amma ya rubuta before two years, dole in ja masa jan biro ina jin zafin makin da zai rasa. Earlier kuma ɗazu ce, earlier today. Amma in kana cikin ba da labarin can baya ne ka ce two years earlier, to shekara biyu kafin wancan lokacin ake nufi ba kafin yau ba.

baba_ngaundare:
Malama ta gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni kan former zan ja kunnenka yarona, don mu da muka yi lekol da Faransanci nan muke faɗawa rami, mun saba da ancien président sai mu ce ancient president. A'a. Ancient sai abin da ya yi ɗaruruwa ko dubban shekaru, irin dalar Masar. Ahmadu Ahidjo ɗan garinku da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, former president ne. Kada kuma ka ce old president, wannan tsufan shekaru ne, mu dai tsohon shugaba muke cewa duka biyun shi ya sa muke ruɗewa.

ta_injamena:
Prior kam ta takardun ofis ce, prior to ma'anarta before kawai, ba ka bukatarta a hira. Previous za ka yi ta gani in ka fara neman aiki, previous experience, wato aikin da ka taɓa yi. Sai ka kula last week satin da ya wuce ne daga yau, the previous week kuma satin da ya gabaci wanda ake zancensa.

ɗan_garwa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malama kenan shekaranjiya two days ago zan ce ko?

malama_marwa:
Eh haka ne, ko ka ce the day before yesterday, duka biyun daidai ne.