Shawarwarin da aka bayar kan fita Yankari da iyali bayan Sallah

Da maganar kai iyali Yankari, gandun namun daji, ta taso a majalisarmu a Bauchi, direbobin cikinmu ne suka fara baki. Sun ce a duba taya da birki tun jajibiri, a cika tanki a cikin gari, a kama hanyar Gombe da sassafe. A Dindima ake karkata, kuma kada a bari dare ya riski mutum a dawowa.

Kan abinci aka fi daɗewa. Kowa ya yarda masa ce kan gaba, amma wata yayarmu da aka tambaya ta ce a zuba miyar taushe a kula daban, in an haɗa tun gida masar jiƙewa take yi ta lafke. Soyayyen naman layya da dambun nama da kilishi suna jure zafin mota. Kunun aya kuwa sai da ƙanƙara, in babu a haƙura da shi a ɗauki zoɓo, don kafin azahar kunun ya yi tsami. Ni ma nan na tsaya.

Wani dattijo ya ja kunne kan birran sansanin Wikki, masaukin baƙi a cikin Yankari: leda a hannun yaro fizge ta suke yi, don haka a rufe gilashin mota, a ci abinci a ɗaki. Ruwan Wikki da ake wanka a ciki ɗuminsa kusan digiri 31 ne, yara ba sa son fita, sai a sa babba ya tsaya a kansu.

Masu ciwon suga da hawan jini aka ce su ɗanɗana komai kaɗan-kaɗan, maganinsu yana aljihu.